Kwamfutar Kawu ta ce sai an kawo faifai

Wata Asabar cikin hunturu, ina shago a Tudun Wada ina haɗa wa wata ɗalibar Poli takardun furojet ɗinta, sai ga kiran Kawu. Shi ba mai yawan kiran waya ba ne, in yana son ganin mutum aike yake yi. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗan nan, injin nan ya juya mini baya. Duk na buɗe wurin rubutu sai ya ce in kawo masa faifai. Wane faifai kuma?" Na ce, "Kawu, don Allah kada ka taɓa komai, kada kuma ka miƙa wa kowa. Ina nan tafe bayan la'asar."

Na san abin da ke cikin kwamfutar, shi ya sa na yi saurin faɗin haka. Kawu tsohon hedimasta ne, shekara 35 ya yi yana koyarwa kafin ya ajiye aiki. Tun da ya zauna gida a Unguwar Dosa ya ɗauki aiki guda ya riƙe: rubuta tarihin zuriyarmu da Hausa, tun daga kakannin da suka taso daga wani ƙauye a ƙasar Soba, wasu suka yada zango a Zariya, wasu kuma aikin jirgin ƙasa da masaƙun Kakuri suka jawo su Kaduna. Da yatsa biyu yake bugawa, bayan sallar asuba, kafin jikoki su tashi su cika gidan da hayaniya. Ya bi ƙauyuka ya zauna da tsofaffi, kuma da yawansu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da suka faɗa masa babu shi a ko'ina sai a cikin wannan tsohuwar laftof.

Na same shi a falo, laftof ɗin na kan ɗan tebur, Hajiya ta lulluɓe ta da tsohon ɗankwali saboda ƙura. Windows 10 ce a kanta, da Office 2007, wato tarin manhajojin da Word da Excel ke ciki. Da na danna Word sai wani akwati ya fito yana cewa ana daidaita manhajar, sandar da ke nuna tafiyar aiki ta kai rabi ta cije, sannan saƙo ya biyo baya: ba a ga wani fayil mai suna EnterpriseWW.msi ba, a nuna inda faifan asali yake. In ka soke, wani lokaci Word ya buɗe, wani lokaci ya rufe kansa. Kwana uku Kawu bai rubuta ko layi ɗaya ba, kuma a fuskarsa na ga haka.

Faifai dai babu, kuma ba ɓata ya yi ba. Ba a taɓa ba shi ba. Ta hannu ya sayi kwamfutar, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, an riga an zuba mata komai kafin a miƙa masa da caja. Haka mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu suke, daga na ɗalibai har na ofisoshin makarantun Islamiyya. Ko da faifan yana nan ma, ma'ajin faifan wannan laftof ya daɗe da daina karantawa.

Na tambaye shi ko wani abu ya faru kafin matsalar ta fara. Ya ce makonni biyu da suka wuce kwamfutar ta yi ta kukan wuri ya cika, sai wani jikansa ya kai ta wurin mai gyara a kasuwa, aka "share mata datti", ta dawo da sauƙi. Nan na fara gane bakin zaren. Na sa Windows ta nuna ɓoyayyun foldoji, na leƙa cikin C, na nemi wata folda mai suna MSOCache. Babu ita.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin wanda ya gane wannan ya gane duk matsalar. Mutane na mamakin yadda za a ce ana son a cire abu amma sai an kawo faifan da aka saka shi da shi. Ku ɗauki mai hayar rumfa da kujeru a gidan biki. Ranar da ya kawo kaya yana da littafinsa: kujera ɗari biyu, hamsin a ƙofar gida, saba'in a tsakar gida wajen mata, sauran a gidan maƙwabta, tabarmi kaza, fitilu kaza. Ranar kwashewa da littafin nan yake bi ɗaki-ɗaki. In littafin ya ɓata, bai san nasa ba, bai san na masu gida ba. Office ma ba a wuri ɗaya take zama ba. Tana da kaya a Program Files, tana da wasu a Common Files, ta zuba salon haruffa a foldar Fonts, ta kuma rubuta dubban layuka a rajistar Windows, wato kundin da Windows ke adana saitinta da na manhajoji. Sashen Windows da ke kula da wannan lissafi shi ne Windows Installer, kuma littafinsa su ne fayilolin da sunansu ke ƙarewa da msi. Yana ajiye kwafinsu a wata ɓoyayyiyar folda mai suna Installer a cikin foldar Windows. Ita kuma Office, tun daga ta 2003, tana iya ajiye kwafin kayan faifanta a MSOCache, don in ana buƙatar gyara ko ƙari ko cirewa kada a tashi neman faifai. A ta 2003 zaɓi ne, mutum na iya cewa ba ya so. Daga ta 2007 kuwa dole ne, kullum sai ta ajiye.

To MSOCache tana da ɗan nauyi, ɗaruruwan megabait, kuma sunanta bai yi kama da komai da mutum ya sani ba. Mai neman wuri in ya ci karo da ita, ga ta a ɓoye, ga nauyi, sai ya ɗauka tarkace ce. Ranar da aka goge ta ba abin da zai faru, Word zai buɗe lafiya lau. Sai ranar da Office ta ga wani abu nata ya goce ta tashi gyara kanta, ta laluba inda ta ajiye kayanta ta ji wayam, sannan ta fara kiran faifai. Shi ya sa da wuya mutum ya danganta ciwon da sanadinsa.

Jikan nan da ya kai ta gyara yana tsaye a bakin ƙofa, jikinsa a sanyaye. Ya ce ya koma wurin mai gyaran, an ce masa abu ne mai sauƙi, a kawo ta a yi mata formatin, wato a goge komai a sake zuba Windows, awa ɗaya an gama. Wannan kalma ita ce ta sa nake rubuta wannan dogon bayani. A shagona kusan kowane mako sai wani ya zo yana neman takardar da formatin ya cinye. Ba na cewa masu gyara mugaye ne, akwai masu amana da ƙwarewa a cikinsu, kuma na koyi abubuwa da yawa a hannunsu. Amma formatin ya zama maganin kowace cuta saboda shi ne mafi sauri ga mai gyara, ba don shi ne mafi alheri ga mai kaya ba. Za a ce maka an kwashe maka takardunka, kuma gaskiya ne, an kwashe abin da ke Documents da Desktop. Sai dai rayuwar mutum a kwamfuta ba a nan kaɗai take ba, kuma kwamfutar Kawu ita ce hujjata.

Babobin farko na littafinsa da salon haruffan Rabi'at ya buga su, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar tun shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Duk wanda ya yi aikin buga Hausa ya san shi: yana aron wasu madannai ne, in ka danna su ya ba ka ƙ da ɗ da ɓ a madadinsu. Amma in aka buɗe takardar a kwamfutar da babu Rabi'at, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe, wasu alamomi daban sun cika shafi. Fayil ɗin salon yana cikin foldar Fonts, inda mai formatin ba ya leƙawa. Babobin baya kuma da haruffan Unicode ya buga, wato tsarin bai-ɗaya da ƙ da ɗ da ɓ ke da gurbinsu a ciki, domin shekarun baya na zauna na ɗaura masa su a kan madannai: Alt da K ya ba shi ƙ, Alt da D ya ba shi ɗ, Alt da B ya ba shi ɓ. Yatsunsa sun haddace wannan kamar yadda suka haddace jan carbi. Word kuwa a cikin wani fayil guda yake adana irin wannan saiti, sunansa Normal.dotm, can cikin ɓoyayyiyar foldar AppData.

Saboda haka kafin in taɓa Office, filash na fara fitowa da shi. Na kwafe duk takardunsa, na buɗe wasu daga cikin filash ɗin don in tabbata sun kwafu da gaske, ba suna kawai ba. Na kwafe Rabi'at. Sannan na danna maɓallin Windows tare da R, na rubuta %appdata%, na shiga foldar Microsoft. A cikin Templates na ɗauki Normal.dotm. A cikin UProof na ɗauki CUSTOM.DIC, wato ƙamus ɗin da Word ke tara kalmomin da mutum ya ce masa daidai ne, ya daina ja musu jan layi. A cikin foldar Office na ɗauki fayilolin da ke ƙarewa da acl, inda gyaran kai-tsaye yake zama, irin wanda ka buga gajeriyar kalma ya cike maka. Kawu ba ya amfani da Outlook, amma wanda yake amfani da shi, musamman a ofis, ya nemi fayil mai ƙarewa da pst ya kwafe, domin wasiƙun shekara da shekaru na iya kasancewa a ciki. A ƙa'ida cire Office ba ya goge takardun mutum. Na san haka, amma aikin tsoho na shekaru ba abin da zan jingina da "a ƙa'ida" ba ne.

Akwai tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya cire: in na cire, da me zan mayar? Office ta zamanin faifai tana tafiya da lambar lasisi mai haruffa da lambobi 25, rukuni biyar, kowanne biyar. Wanda ba shi da faifai kuma ba shi da wannan lamba, in ya cire ya cire ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ga wanda ya cire da daddare alhali da safe zai miƙa takardar neman aiki.

Mu dai Allah ya rufa asiri. Yaya, babban ɗan Kawu da ke aiki a Abuja, yana biyan kuɗin Microsoft 365 na iyali, wanda mutum shida ke iya amfani da shi, kuma akwai gurbi. Ya daɗe yana cewa a saka wa Kawu, shi ne yake cewa wanda ya saba da shi ya ishe shi. Na yi masa bayani cewa Office 2007 ta shiga kasuwa ne a watan Janairun 2007, kuma tun 10 ga Oktoba 2017 aka daina aiko mata da gyaran tsaro, ga shi kullum ana turo masa takardu ta WhatsApp da imel yana buɗewa. Ya gyaɗa kai kawai. Abin da ya taɓa shi wani ne daban. Na gaya masa cewa wannan kalma ta Enterprise da ke jikin saƙon tana nufin nau'in da ake sayar wa kamfanoni da ma'aikatu da yawa-yawa, ba wanda mutum ke shiga kanti ya saya ba, don haka da wuya a ce lasisin da ke kan kwamfutarsa nasa ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe duk shekarun nan da kayan da ban san asalinsu ba nake aiki. Cire shi, ɗan nan. Tarihin iyayena ba zan ƙarasa shi da abin shubuha ba."

Sai maganar wuta. Batirin laftof ɗin minti goma yake riƙewa, kuma an ɗauke wuta tun azahar. Cire Office aiki ne da in ya katse a tsakiya yakan bar kwamfuta a hali mafi muni, rabi a ciki rabi a waje. Na so in tafi da ita shago inda nake da inbata, Kawu ya ce ba za ta kwana a waje ba. Hajiya ta ba jikan kuɗi ya sayo mai, aka tayar da ɗan janareta a bayan kicin. Na kafa wa Windows wurin komawa, abin da ake samu in an rubuta restore point a wurin bincike, don in abu ya ɓaci a iya mayar da saitinta yadda yake a wannan sa'a.

Na fara da hanyar da aka saba, domin wani lokaci takan yi. Windows da R, na rubuta appwiz.cpl, jerin manhajoji ya fito, na zaɓi Office na ce a cire. Ta yi kamar za ta tafi, sai ta tsaya ta ce wani fayil da ake buƙata ya lalace ko babu shi, a sake gwadawa daga faifan asali.

A nan ne mutane kan bazama neman aron faifai. Yana yi, amma da sharaɗi: sai ya zama irinsa sak. Office 2007 kala-kala ce, akwai Standard, akwai Professional, akwai Home and Student, akwai Enterprise, kuma faifan wannan ba ya amsa kiran waccan. Mai tsohuwar Office 2003 nau'in Professional zai ga ana tambayarsa PRO11.MSI ko SKU011.CAB, shi ma sai faifan da ke ɗauke da su. Wasu kuma sukan shiga intanet su sauko da kwafin faifan daga shafukan da ba a san masu su ba. Wannan ina roƙon kowa da ya bari. Ka je neman abin da za ka cire manhaja da shi, ka dawo da ɓarawon da zai zauna cikin kwamfutarka yana kallon lambobin sirrinka na banki.

Hanyar da ta fi ita ce wadda masu manhajar da kansu suka tanada. Microsoft na da ɗan kayan aiki na musamman don tumɓuke Office idan ta ƙi fita ta hanyar da aka saba, kuma ba ya tambayar faifai, domin ya riga ya san duk inda kowace Office ke ajiye kayanta. In muka koma ga mai rumfa, kamar a ce uban gidansa ya zo da babban littafin shago. Sunan kayan aikin da mazauninsa sun sha canzawa. Da can ana kiransa Fix it. Lokacin da na yi wa Kawu aikin, fayil ne mai suna SetupProd_OffScrub.exe. Don haka ba suna za a riƙe ba, wuri za a riƙe: a shiga support.microsoft.com, a nemi shafin cire Office daga kwamfuta, a bi abin da ke wurin na irin Office ɗin da ake da ita. A duba adireshin da kyau kafin a sauke komai, domin akwai shafukan da ke kwaikwayonsa. A lokacin akwai kuma wani ɗan'uwansa a can mai warware matsalar sakawa da cire kowace irin manhaja, ba Office kaɗai ba, wanda ke gyara layukan rajista da suka lalace.

Na haɗa laftof ɗin da datar wayata na sauke shi. Ya bincika, ya nuna Office 2007, na sa mata alama, na tabbatar babu Word ko Excel a buɗe, na ce ya ci gaba. Sai wani baƙin allo ya fito rubutu na ta gudu. Kawu ya matso da kujerarsa yana kallo, ya ce, "Ba dai rubutuna yake ci ba ko?" Na zaro filash ɗin na sa masa a tafin hannu, na ce, "Kawu, rubutunka ga shi nan, har da wanda ke cikin injin ma ba zai taɓa ba." Ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa ya dafe.

Aikin ya ja lokaci. Akwai inda allon ya tsaya cik kusan minti goma, kamar ya mutu. Nan ne masu gaggawa ke danne maɓallin kashewa su jawo wa kansu aiki. Fitilar rumbun kwamfutar na ta ƙiftawa, alamar ana aiki a ciki, don haka na bar ta. Aka kira magariba muka tafi masallacin unguwa, muka bar jikan yana gadin janareta kada mai ya ƙare. Da muka dawo ta gama, tana neman a sake kunna ta. Na sake kunnawa, na koma appwiz.cpl, babu Office a jerin.

Akwai hanyoyi biyu da ban bi ba, kuma ina so in ambace su don na san za a ba wani shawararsu. Ta farko wani tsohon kayan aiki ne mai suna Windows Installer CleanUp, fayil ɗinsa msicuu2.exe, wanda har yau yana yawo a filashin masu gyara. Microsoft ta janye shi tun 2010 saboda yana iya lalata wasu manhajojin da ba su ji ba ba su gani ba. Kuma shi ba ya kwashe kaya, sunan manhajar kawai yake sokewa daga littafi, kujerun na nan zube a tsakar gida. Ta biyu ita ce cirewa da hannu, a bi foldoji da rajista ɗaya bayan ɗaya. Ana yi, na taɓa yi a kwamfutar shago da ba ta da intanet, ya ci mini yini guda. Sai ka san cewa a cikin kwamfuta Office 2003 sunanta 11, ta 2007 sunanta 12, ta 2010 kuma 14, babu 13. Sai ka san dogayen lambobin shaidar Office 2007 a rajista da 0FF1CE suke ƙarewa, da sifiri da ɗaya a madadin haruffa. Kuskuren layi ɗaya a rajista na iya hana Windows tashi. Wanda bai saba ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mafi muni duka shi ne a shiga Program Files a goge foldar Microsoft Office a ɗauka an gama. Rajista na nan tana cewa Office na nan, takardu su ƙi buɗewa, sabuwa kuma ta iya ƙin shiga. Na sha ganin haka ga masu son saka Office mai ƙirar da ake kira 64-bit alhali ragowar mai ɗaya ƙirar, 32-bit, na kwance a ciki, domin biyun ba sa zama tare.

Saka sabuwar bai ba da wahala ba, data kawai ya sha. Yaya ya turo gayyata ta imel, muka buɗe wa Kawu asusu, muka sauke. Na sa ya rubuta adireshin da kalmar sirrin a littafinsa na aljihu da hannunsa, domin yanzu su ne a madadin faifai. Tun daga Office 2013 aka karkata ga wata hanyar sakawa mai suna Click-to-Run, wadda ke saukowa ta intanet, kuma cire irinta ba ya neman faifai, daga Settings ake yi a sashen Apps. Wanda kuma ba shi da Yaya a Abuja, kada ya ce dole sai ta haramtacciyar hanya. Akwai LibreOffice, kyauta ce halal, tun 2011 ake fitar da ita, tana buɗe takardun Word da Excel tana kuma adanawa a tsarinsu. Ita ce a kan kwamfuta ɗaya a shagona. Takarda mai teburori da ado da yawa takan ɗan goce, sai an gyara zama, amma wasiƙa da jarrabawar makaranta da lissafin shago duk tana yi.

Wajen ƙarfe tara na buɗe sabon Word na tura masa laftof ɗin. Ya gyara tabarau, ya buɗe babin da ya tsaya, ya sa yatsa a Alt da K. Ba abin da ya fito. Ya sake, shiru. Bai ce komai ba, ya dai janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Na ce ya ba ni filash ɗin. Na rufe Word gaba ɗaya, domin in yana buɗe ba ya yarda a taɓa fayil ɗin, na koma Templates, na canza wa sabon Normal.dotm suna na ajiye shi gefe, na zuba tsohon a wurinsa. Na shiga saitin duba rubutu na nuna wa Word tsohon ƙamus ɗinsa. Na sake tura masa. Ya danna, ƙ ta fito. Ya danna ɗ, ya danna ɓ, ya buɗe babi na ɗaya ya ga Rabi'at na nan yadda ya bar ta. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Hajiya daga ƙofar kicin ta ce amin, ta ce kuma tuwo na hucewa.

Kafin in rufe, na buɗe CUSTOM.DIC da Notepad don in tabbata shi ne, domin jerin kalmomi ne kawai, kowacce a layinta. Kawu ya ce in dakata. Duk kalmar da ya taɓa gaya wa Word cewa daidai ce tana nan: Hunƙuyi, Maƙarfi, Turawa, Maigana, Madaki, Magajiya, Jatau, Kande, Barau, Delu, sunayen garuruwa da sarautu da na mutanen da aka binne tun kafin a haife ni. Ya sa yatsa a allon yana bi a hankali. Ya tsaya a kan wani suna ya ce wannan ƙanwar kakarsa ce, wadda aka aurar wajen Ikara, ya ambace ta sau ɗaya a babi na uku bai sake komawa kanta ba, kuma akwai wata tsohuwa a Rigasa da ta san zuriyarta.

Ya ce in buga masa jerin a takarda. Ranar Litinin na buga a shago, shafi goma sha ɗaya, na ba jikan ya kai masa. Da na je gaishe shi ranar Juma'a na tarar ya bi su da jan biro, ya yi wa suna bakwai alama, ya kuma ce in nemo masa mai Keke Napep da zai kai shi Rigasa ranar Lahadi da safe.